Naira Dubu Biyar a Wata: Lamarin Wata Mai Ƙuli-ƙuli a Kwali, 2018 zuwa 2025

Wannan nazari ya bi sawun gida guda ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kwali da ke Birnin Tarayya Abuja, tun daga rasuwar maigidan a 2018 har zuwa kakar 2025. Uwar gidan, wadda na sakaya sunanta, tana cikin matan da suka karɓi tallafin naira dubu biyar a wata da gwamnatin tarayya ta riƙa biya da gudunmawar Bankin Duniya. Na san ta ne a ajin yaƙi da jahilci da nake koyarwa da yamma, kuma daga 2021 ni nake riƙe wa ƙungiyar adashinsu littafi, saboda haka alƙaluman da suka shafi gidanta daga wannan littafi da kuma bakinta suka fito. Ma'aunin da na fi dogara da shi shi ne yawan mudun gyaɗar da take sarrafawa a mako, domin naira ta sauya daraja sau da yawa a cikin waɗannan shekaru, mudu kuwa yana nan yadda yake.

## Tushen shirin, 2000 zuwa 2017

A watan Satumba na 2000 ƙasashe 189 suka amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da abin da ya zama muradun ƙarni, na farkonsu kuwa shi ne a rage kason masu fama da matsanancin talauci da rabi kafin 2015, idan aka auna da 1990. A lissafin duniya baki ɗaya an cimma burin tun kafin wa'adi, sai dai kaso mafi tsoka na nasarar daga ƙasar Sin ya fito, yayin da a Afirka kudu da Sahara adadin matalauta ƙaruwa ya yi. A 2005 ƙasashen Kulob ɗin Paris, wato ƙungiyar ƙasashen da ke bin wasu ƙasashe bashi, sun yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18, bisa fahimtar cewa rarar za ta tafi ga ayyukan rage talauci. A 2015 aka sake sabon alkawari, wato muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, wanda na farkonsu ya ɗora wa'adin kawar da matsanancin talauci a 2030, ya kuma nemi kowace ƙasa ta kafa tsarin tallafa wa masu rauni.

Dabarar danƙa wa matalauci kuɗi a hannunsa ta yi suna ne a Meziko, inda aka fara shirin Progresa a 1997, da Birazil, inda aka kafa Bolsa Familia a 2003. A Yuni 2016 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya rancen dala miliyan 500 domin kafa rajistar matalauta ta ƙasa da kuma biyan tallafi, sannan a Disamba 2017 aka ƙulla yarjejeniya da Suwizalan kan dawo da dala miliyan 322.5 daga kuɗin da aka danganta da marigayi Janar Sani Abacha, da sharaɗin a raba su ta wannan hanya a ƙarƙashin sa idon Bankin. Wani ɓangare na kuɗin ke nan rance ne da ƙasa za ta biya, wani ɓangaren kuma dukiyar ƙasa ce da ta dawo gida, ko da yake a ƙauye yawanci kyautar gwamnati aka ɗauke shi.

## 2018: rasuwar maigida

Mijinta ɗan asalin ƙasar Zazzau ne da ya zauna a Kwali fiye da shekara goma sha biyar. Da rani yana aikin lebura a wuraren gini a cikin Abuja, da damina kuma yana noman gyaɗa da dawa a wata gona da ya ara daga wani dattijo ɗan ƙabilar Gbagyi. Ya rasu a Agusta 2018 bayan jinyar wata uku, ya bar mata 'ya'ya huɗu da tsohuwar mahaifiyarsa da bashin naira dubu talatin da biyar, rabinsa na mai kemis. Da ta fita takaba aka girbe abin da ya saura, gonar ta koma hannun mai ita, tunda aron tsakanin maza biyu aka yi shi kuma ba ta da mai yi mata noma.

Sana'ar da ta iya tun gidan iyaye ita ce ta ƙuli-ƙuli: a soya gyaɗa, a murje, a kai markaɗe, a matse mai, a mulmula tunkuza a toya. Jari ne ba ta da shi. Takan karɓi mudu huɗu bashi a wurin mai awo, a farashin da ya ɗara na mai kuɗi a hannu, ta sayar ta biya, ta sake karɓa. Ribar ba ta wuce cefane ba. Aka cire babbar 'yarta, mai shekara goma sha biyu, daga aji biyar na firamare, ta koma talla a bakin titin Abuja zuwa Lokoja. Gidan ya koma cin abinci sau biyu a rana, a tsakiyar damina kuwa wata rana sau ɗaya. A cikin wannan shekarar ne wani ƙiyasi da ya yi amo a duniya ya nuna Nijeriya ta zarce Indiya a yawan masu matsanancin talauci, da kimanin mutum miliyan 87.

## 2019: shiga rajista da biyan farko

Tsarin zaɓen waɗanda za su shiga rajista ya tanadi cewa mutanen gari da kansu za su faɗi alamomin talauci a wurinsu, maza daban, mata daban, matasa daban, su kawo sunayen gidaje, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida. Sunan gidanta ya fito a duka rukunonin uku. Wadda ta ƙi ita ce surukarta, wadda ta ga abin kunya ne a ambaci gidan ɗanta a bainar jama'a cikin mabuƙata, sai da mai unguwa ya taka da ƙafarsa ya ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, wannan haƙƙin marayun nan ne, ba roƙo aka yi ba." Ta ce, "To, ranka ya daɗe, tunda kai ka faɗa."

Biyan farko ya zo a Satumba 2019, naira dubu goma na wata biyu. A gida mai mutum shida, dubu biyar a wata na nufin kimanin naira 28 ga kowane mutum a rana. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sa iyakar talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya kuma gano kashi 40.1 cikin ɗari na jama'a, wato mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da ita. Da wannan ma'auni gidanta na buƙatar fiye da naira dubu ɗari takwas a shekara, tallafin kuwa dubu sittin ne, kimanin kashi bakwai cikin ɗari.

Ta kai wa mai kemis dubu huɗu, ta sayi hatsi na dubu huɗu, ta ƙara dubu biyu a gyaɗa. Wani canji da babu wanda ya tsara shi ya biyo baya: mai awo, da ya ji tana da katin karɓa, ya rage ƙarin da yake yi mata a kan bashi, ya kuma yarda ya ba ta mudu shida maimakon huɗu.

## Afrilu zuwa Agusta 2020: awaki

An rufe Abuja ranar 30 ga Maris 2020 saboda annobar korona, kuma a farkon Afrilu aka biya masu tallafi a Kwali naira dubu ashirin a dunƙule, kuɗin wata huɗu. Motoci sun ɗauke a kan titi, talla ta mutu, masu tsire da ke sayen ƙuli domin yaji sun rufe tukuba. Da ta ga sana'ar ta tsaya, ta bi shawarar da aka fi maimaita wa mata a tarukan wayar da kai, ta sayi 'yan awaki biyu a kan dubu goma sha biyu.

Kiwon bai karɓe ta ba. Da shuka ta fito dole a ɗaure dabba, a yanko mata ciyawa safe da yamma, aikin da ya faɗa kan yaran. A watan Yuli wata cuta mai majina da zawo ta ratsa awakin unguwar, nata kuma ba a yi musu allurar rigakafi ba, ɗaya ta mutu, ɗaya ta tsira a rame. Irin wannan asara sananniya ce a fagen. Ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta yi fice da tsarin haɗa wa matalauci kadara da horo da ɗan kuɗin abinci da ajiya da ziyarar mai ba da shawara a kai a kai, kuma binciken da aka wallafa a 2015 kan gwajin tsarin a ƙasashe shida, Habasha da Gana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, ya sami sakamako mai kyau in ban da Honduras, inda cuta ta kashe kaji da yawa daga cikin waɗanda aka raba. Ita kuwa kadarar kawai ta samu, babu allura, babu mai leƙowa.

## Satumba 2020 zuwa Maris 2021: rance mai biyan mako-mako

Da kasuwa ta fara dawowa, wata cibiyar ba da ƙaramin rance ta shigo ƙauyen. Uwar gidan ta karɓi dubu arba'in, za ta riƙa biyan dubu biyu kowane mako har mako ashirin da huɗu, jimilla dubu arba'in da takwas. Tsarin ya samo asali ne daga bankin Grameen na Muhammad Yunus, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2006, ko da yake gwaje-gwajen da aka yi daga baya a ƙasashe da dama sun nuna amfanin ƙaramin rance ga matsakaicin mai karɓa kaɗan ne.

Mako shida na farko abin ya tafi daidai, ta kai mudu goma sha biyu a mako. A Nuwamba ɗanta na uku ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har sai da aka yi masa ƙarin jini, jinyar da ta ci dubu ashirin da uku daga cikin jarin, ta kuma hana ta suya mako biyu. Ranar biyan rance ba ta gusa ba, tallafin da ta sa rai zai cike giɓin kuma ya yi jinkirin watanni. Ta sayar da akuyar da ta rage, ta sayar da kwanukan da aka kai ta ɗaki da su, ta gama biya a Maris 2021 tana sarrafa mudu uku a mako, ƙasa da inda ta fara.

## 2021 zuwa 2022: adashin ranar biya

Shirin ya ƙarfafa wa masu karɓa gwiwa su kafa ƙungiyoyin ajiya, kuma a tsakiyar 2021 mata goma sha biyu daga ajina suka haɗu. Adashi ba baƙon abu ba ne a wurinsu, abin da ya hana su shiga na unguwa a da shi ne babu uwar adashin da za ta karɓi matar da ba a san mata hanyar samu ba. Ƙa'idojin da suka gindaya sun fito ne daga wahalar da kowacce ta sha. Zubi dubu huɗu ne daga kowace dubu goma, kuma ranar da aka biya tallafi ake zubawa, in an yi jinkiri adashin ya jira, in an biya na baya a dunƙule mata biyu ko uku su kwasa rana ɗaya. Bayan haka kowace mace tana jefa naira ɗari biyu a mako cikin wani akwati da ba a taɓa shi sai don jinya, kuma wadda ta ara daga ciki ba ta biyan ƙari.

Mai ƙulin ta roƙi a ba ta kwasa a lokacin kaka, aka ba ta. A Nuwamba 2021 ta ɗauki dubu arba'in da takwas, ta sayi mudu sittin na gyaɗa kai tsaye daga manoma, lokacin da farashi ke ƙasa. Wannan ne karo na farko tun rasuwar mijinta da ta soya gyaɗar da ba ta bashi ba. Cikin wata huɗu ta kai mudu goma sha biyar a mako, ta sami masu tsire biyu a Gwagwalada da ke karɓar ƙuli duk mako, man kuma tana zuba shi a kwalabe ana saye a gida. 'Ya'yanta biyu na tsakiya suka daidaita a makaranta. A damina ta 2022 autarta ta yi zazzaɓi, ta ari dubu shida daga akwati, aka kai yarinyar asibiti a rana ta biyu, jarin bai girgiza ba.

Daga ƙarshen 2022 matan ba su sake ganin biyan dubu goma ba, alhali biyar daga cikinsu ba su kwasa ba. Bakwai ɗin da suka riga suka ɗauka sun yarda su ci gaba da zubi daga ribar sana'arsu, kaɗan-kaɗan, har sai kowa ta sami nata.

## 2023: ƙarancin takardun kuɗi da tashin farashi

Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya janyo ƙarancin kuɗi a hannu daga Janairu har zuwa Maris 2023. Ƙuli-ƙuli kaya ne na naira hamsin da ɗari, mai saye ba ya yin taransifa a kansa, ita ma ba ta da asusun banki. Ciniki ya faɗi zuwa mudu bakwai. Kafin ta farfaɗo aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 537 a Abuja, sannan 617 a Yuli, kuɗin markaɗe da na mota zuwa Gwagwalada suka bi bayanta. A Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa.

A nan adashin ya kusa watsewa. Matar da ta zo ƙarshe ta karɓi dubu arba'in da takwas ɗinta cif a Oktoba 2023, amma abin da kuɗin ya saya mata bai kai rabin mudu sittin da mai ƙuli ta samu shekara biyu baya ba. Babu wadda ta ci amanar wata, duk da haka an ƙware ta, kuma ta faɗa a fili. Bayan doguwar muhawara uwar adashin, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, ta juyo gare ni ta ce, "Malama, daga yau ki daina rubuta mana naira, ki rubuta mudu."

## Kakar 2023 zuwa kakar 2025: adashin mudu

Sabon tsarin shi ne kowace mace ta zuba mudu ɗaya na gyaɗa a mako, ko kuɗinsa a farashin kasuwar wannan makon, a kwasa duk mako biyu, mudu ashirin da huɗu ga mai rabo. Ta farko da ta ƙarshe abu ɗaya suke ɗauka komai tashin farashi. Sun kuma haɗa kuɗi a kaka sun sayi buhu biyar sun ajiye, domin su riƙa sayar wa junansu idan gyaɗa ta yi tsada. Shekarar farko sun yi asarar buhu guda, saboda an jingina shi a ƙasa ya ja danshi ya yi fumfuna, kuma na dage a zubar da shi, don gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta ko an soya ta. Shekara ta biyu aka shanya sosai, aka ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, babu wanda ya lalace.

A ɓangaren hukuma, Bankin Duniya ya riga ya amince da ƙarin dala miliyan 800 tun Disamba 2021, kuma a Oktoba 2023 aka ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Janairu 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin domin bincike, da aka dawo kuma aka ɗora sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa da biya ta asusu. Sunanta a rajista da sunan mijinta aka haɗa shi, a katin shaida kuwa da na mahaifinta, sai da ta je Gwagwalada sau uku kafin a daidaita, kuɗin mota da ribar kwana ukun suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na biyan farko. A lokacin da dala take naira 305, dubu biyar ta kai kimanin dala 16. A 2024, da dala ta haura naira 1,500 kuma hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin ɗari, dubu ashirin da biyar ita ma kimanin dala 16 ce.

A kakar 2025 tana sarrafa mudu ashirin zuwa ashirin da biyu a mako, babu bashin mai awo a kanta, gidan na cin abinci sau uku in ban da ƙarshen damina, yara uku suna makaranta. Har yanzu da itace take girki, ruwan rijiya suke sha, ɗaki biyu na haya suke ciki, kuma makamashin girki da ruwan sha suna daga cikin alamomin da binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya yi amfani da su lokacin da ya ƙirga mutum miliyan 133 a cikin talauci mai fuskoki da yawa.

## Hukunci

A ganina kuɗin tallafin bai taɓa isa ya fitar da gidan daga talauci ba, kuma ba a ƙara shi ba tsawon shekarun da naira ke zubewa. Amma kuskure ne a ce bai yi komai ba. Babban amfaninsa shi ne ya mayar da ita mace da za a iya ba amana: mai awo ya sassauta, adashi ya karɓe ta, kuma mudu sittin na kakar 2021 daga cikinsa suka fito. Wannan amfani ya rataya ne kacokan a kan sanin ranar biya, shi ya sa jinkirin Nuwamba 2020 ya fi ƙanƙantar kuɗin yi mata illa. Da an biya a kan lokaci a wancan watan, da kwanukanta suna ɗakinta.

Awaki da rance sun faɗi ne ta hanya ɗaya: dukansu sun ɗora wa gida mai rauni sabon haɗari ba tare da wata kariya ba, na farko a sana'ar da ba tata ba, na biyu da ranar biya da ba ta san jinya ba. Adashin ya tsaya saboda ya zuba jari a abin da hannunta ya saba, ya daidaita kwasa da kaka, ya ware akwatin jinya, daga baya kuma ya fice daga naira. Uku daga cikin waɗannan abubuwa hukuma na iya yin su da kanta ba tare da sabon rance ba, wato ta tsayar da ranar biya ta cika ta, ta riƙa ɗaga adadin gwargwadon farashin abinci, ta kuma haɗa katin tallafi da inshorar lafiya, domin akwatin ɗari biyu-biyu yana iya ɗaukar zazzaɓi amma ba zai ɗauki tiyata ba.

Akwai kuma abin da tallafin ya makara a kansa. Tsakanin rasuwar maigidan da biyan farko wata goma sha uku ne, kuma a cikinsu aka cire babbar yarinyar daga aji biyar. Lokacin da gidan ya sami sararin mayar da ita a 2022 ta kai shekara goma sha shida, ta ce ba za ta zauna aji ɗaya da ƙannenta ba. Yanzu tana zuwa ajina da yamma tare da mahaifiyarta, kuma tun kakar 2025 ita ke rubuta mudu a littafin adashi ina dubawa.